Cunkoson Jerin Manhajoji a Kwamfutar Girke: Sharhi Daga Bana ta Ƙasar Gaya

Jerin manhajoji shi ne allon nan da yake buɗewa idan aka danna maɓallin da ke gindin fuskar kwamfuta, wanda masu aiki da Faransanci suka sani da Démarrer, masu Ingilishi kuma da Start, duka biyun ma'anarsu farawa. A cikinsa ake jera sunayen manhajojin da aka girka wa injin, manhaja kuwa ita ce tsararren umarnin da yake sa kwamfuta ta yi wani aiki takamaimai, kamar rubuta wasiƙa, ko lissafin kuɗi, ko gyaran hoto. An ƙirƙiro jerin ne domin a hutar da mutum daga haddace sunaye da umarni, ya zamana ido ya gani hannu ya zaɓa, amma idan sunayen suka yi yawa har suka zarce abin da ido zai iya tantancewa a kallo ɗaya, kuma aka jera su bisa wata ƙa'ida da mai aiki bai san ta ba, sai abin da aka yi domin sauƙi ya koma shi ne wahalar. Wannan matsala ba ta hana kwamfuta tashi, shi ya sa ba a cika kai ta wurin mai gyara ba, sai dai tana cin lokaci kaɗan-kaɗan a kowace rana, tana kuma sa wanda yake koyon aiki ya ɗauka cewa shi ne bai da kai, alhali kayan ne aka zube masa ba tsari.

Bana ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gaya ta jihar Doso, a kusurwar kudu maso yammacin Nijar inda ƙasar ta haɗu da Benin da Najeriya, yankin da aka sani da giginya da rake da gishirin Fogha. Daga garin Gaya gada ce ta ratsa kogin Kwara zuwa Malanbil ta Benin, hanyar da ta daɗe tana kawo kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta gabas kuma ga Kamba ta jihar Kebbi. Wannan zama tsakanin ƙasashe uku yana da tasiri a kan irin kwamfutar da ake samu a yankin, domin galibinta ta hannu ce, wato wadda ta gama aiki a wani ofishi a Turai ko Amurka kafin a sayo ta, kuma tana shigowa ta ƙofa biyu. Wadda ta biyo ta ƙasashe masu magana da Faransanci takan zo da allon rubutu mai tsarin AZERTY da babbar manhaja mai magana da Faransanci, wadda ta biyo ta kasuwannin Najeriya kuma takan zo da tsarin QWERTY da Ingilishi, ba kuma abin mamaki ba ne a tarar da gangar jiki daga wannan ƙofa, allon rubutu daga waccan. Rufe iyakar Benin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya dagula zirga-zirgar kaya, amma bai sauya wannan gauraye da ya riga ya zauna a kan teburori ba. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne cewa a irin wannan gari kwamfutar girke ba ta mutum ɗaya ba ce: a shagon buga takardu, ko ofishin daraktan makaranta, ko ma'aikatar magajin gari inda ake rubuta takardun haihuwa, hannaye uku ko huɗu ne suke karɓa-karɓa a kan linzami ɗaya, kuma wanda ya girka manhajojin da wuya ya zama shi ne mai aiki da su kullum.

Cunkoson yana taruwa ne hawa-hawa, kamar yadda yashi yake cike rijiya. Hawa na farko shi ne abin da kamfanin da ya ƙera injin ya zuba tun daga masana'anta, da ragowar abin da mai shi na farko ya bari idan ba a wanke ta ba. Hawa na biyu na mai sayarwa ne ko mai gyara, wanda yake da faifai ko 'yar ma'adanar nan da ake kira filash a Najeriya, kile a Nijar, cike da manhajojin da yake ɗora wa kowace kwamfuta da ta biyo ta hannunsa, ko mai ita ya nema ko bai nema ba, domin a idon mai saye injin da aka cika shi ya fi daraja: Word da Excel da 'yan uwansu, VLC da wasu manhajojin kallon fim biyu ko uku da aikinsu ɗaya, WinRAR, Format Factory, burauza uku, rigakafin cuta biyu. Inda intanet ke da tsada ko rauni wannan ɗabi'a tana da hujjarta, tunda abin da ba a ɗora yau ba wataƙila sai an yi tafiya zuwa Gaya ko Doso kafin a same shi. Hawa na uku na sana'a ne, domin shago ɗaya shi ke buga takarda, ya ɗauki hoton fasfo, ya tura wa matasa waƙa da fim a waya, wani lokaci ya yi filashin wayoyin Tecno da Itel, wato sake ɗora musu babbar manhaja, kowane aiki kuma da nasa tarkacen.

Abin da ya fi ninka yawan shi ne halin manhajojin kansu. Idan aka haɗa firinta ɗaya ta HP ko Canon ko Epson aka girka manhajarta, jerin ba ya ƙaruwa da layi ɗaya. Yakan samu sabuwar jaka mai sunan kamfanin, a cikinta ga manhajar sikan, ga ta duba tawada, ga littafin bayani, ga mahaɗin zuwa shafin kamfanin, ga wurin rajistar kaya, ga kuma umarnin cire manhajar gaba ɗaya zaune kafaɗa da kafaɗa da sauran, wanda a Faransanci aka rubuta Désinstaller. Cikin waɗannan shida, guda ɗaya tak mai shago yake taɓawa. Idan firintar ta mutu aka sayo wata, jakar tsohuwar tana nan ba ta motsa ba. A lissafin misali, manhaja 25 da kowace ta zo da layi huɗu sun ba da layi 100, kuma an jera su ne bisa sunayen kamfanoni, ta yadda yaron shago da aka ce ya yi sikan ɗin takardar makaranta dole ya fara tuno wane kamfani ne ya ƙera na'urar kafin ya san harafin da zai duba, sannan ya yi hattara kada linzami ya zame masa layi ɗaya ya danna abin da zai goge manhajar.

Kafin a taɓa komai akwai wani bambanci da rashin saninsa yake jawo ɓarna iri biyu. Abin da ake gani a jerin ba manhajar ba ce, gajeriyar hanya ce, wato ɗan ƙaramin fayil wanda ba ya ɗauke da komai sai adireshin inda manhajar take zaune a cikin ma'adanar kwamfuta. Faransanci yana kiransa raccourci, kuma sunansa na ɓoye yana ƙarewa da .lnk. Wanda ya goge gajeriyar hanya bai cire manhaja ba, allon shago kawai ya sauke alhali shagon na nan da kayansa, wanda kuma ya kwafi gajeriyar hanya a kile ya tafi da ita wani gari yana zaton ya ɗauko manhajar, zai isa ya tarar adireshi ya ɗauko ba gida ba. A Windows waɗannan gajerun hanyoyi suna zaune a jaka biyu da babbar manhaja take haɗe su ta nuna kamar jeri ɗaya, ɗaya ta duk masu amfani da injin, wadda take ƙarƙashin ɓoyayyiyar jakar ProgramData, ɗaya kuma ta mutumin da ya shiga da sunansa, a ƙarƙashin AppData. Ana buɗe su ta hanyar danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta shell:common programs domin ta farko, ko shell:programs domin ta biyu. Haka kuma yawan layuka a jerin ba shi ke sa kwamfuta nauyi ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Nauyin yana zuwa ne daga manhajojin da suke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna injin, musamman rigakafin cuta biyu da kowanne yake binciken ɗan uwansa, waɗannan kuwa a wani wuri dabam ake kashe su.

Tarihin jerin ya nuna cewa masu ƙera shi ma sun daɗe suna kokawa da cunkoson ba su kayar da shi ba. Dabarar nuna aiki da 'yan hotuna da linzami ta girma ne a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, ta fito kasuwa a injin Star a 1981, sannan Macintosh na kamfanin Apple ya yaɗa ta a 1984. Windows 3.0 na 1990 yana tara manhajoji rukuni-rukuni a cikin tagogi, sai Windows 95, wanda ya fito ranar 24 ga Agustan 1995, ya kawo maɓallin farawa da jeri mai rassa, inda jaka take buɗe jaka har allon ya cika. Da rassan suka yi yawa, sai Microsoft ya gwada wata dabara a Office 2000 da Windows 2000, wato jerin ya riƙa ɓoye abin da ba a cika taɓawa ba da kansa, dabarar da ta rikita mutane domin abin da suka gani jiya a wuri kaza yau ya ɓace, daga baya kamfanin ya yi watsi da ita. Windows XP a 2001 ya raba jerin gida biyu ya ba da damar kafe manhajar da ake so a sama, Vista a 2007 ya sa akwatin nema a cikinsa, Windows 8 a 2012 ya kawar da jerin ɗungurungum ya maye gurbinsa da cikakken allo mai faifai-faifai, ƙorafi ya yi yawa har Windows 10 ya dawo da shi a 2015, Windows 11 kuma ya matsar da shi tsakiya a 2021. Tunda Windows 11 yana buƙatar sababbin kayan ciki da tsofaffin injuna ba su da su, kwamfutocin hannu da yawa sun tsaya a Windows 7 ko 10, duk da cewa Microsoft ya daina kula da na farko a Janairun 2020, na biyu kuma a Oktoban 2025.

Masana sun auna yadda yawan layuka a jeri yake shafar saurin zaɓi, kuma abin da suka samu ya saɓa wa abin da hankali yake fara rayawa. A 1952 William Hick, sannan Ray Hyman a 1953, sun nuna cewa lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya zaɓi abu ɗaya cikin abubuwa da yawa ba ya ƙaruwa daidai da yawansu, a hankali yake hawa, ta yadda zaɓi cikin 64 bai fi kamar ninki biyu na zaɓi cikin 8 ba. Sai dai wannan yana tabbata ne ga wanda ya riga ya san abubuwan da wurarensu, wanda bai sani ba kuwa dole ya bi layi-layi yana karantawa, a nan kowane layi da aka ƙara nauyi ne a kansa. Wasu sukan kafa hujja da maƙalar George Miller ta 1956, wadda ta ce ƙwaƙwalwa tana riƙe abu kamar bakwai a lokaci guda, su ce kada jeri ya wuce layi bakwai, amma wannan ɗora magana ne a inda ba ta zauna ba, domin abin da yake gaban ido ba a buƙatar haddace shi. Gwajin da ya shafi jeri kai tsaye shi ne na Dwight Miller a 1981, wanda ya tsara abu 64 ta hanyoyi dabam-dabam, daga hawa shida mai zaɓi biyu-biyu har zuwa hawa ɗaya mai ɗauke da duka, ya ga hawa biyu mai takwas-takwas ya fi sauri da ƙarancin kuskure. Kevin Larson da Mary Czerwinski sun maimaita irin wannan a 1998 da abu 512, suka ga hawa biyu masu faɗi sun fi hawa uku masu takwas-takwas. Abin da za a ɗauka a nan shi ne zurfi ya fi faɗi illa, domin jaka cikin jaka cikin jaka tana ɓatar da mutum, tunda a kowace ƙofa sai ya yi hasashen abin da ke bayanta.

Akwai masu ganin cewa duk wannan magana ta tsufa tun da aka sa akwatin nema, tunda mutum zai danna maɓalli ya rubuta haruffa uku na farkon sunan manhaja ta bayyana. Ga wanda ya san sunan kuma ya iya rubuta shi, gaskiya ne babu hanyar da ta fi wannan sauri. Amma a yankin Gaya, inda ake magana da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, inda kuma karatun boko da Faransanci aka yi shi ga wanda ya samu yi, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Manhajar lissafi Calculatrice ce a wannan inji, Calculator a wancan. Ƙaramar manhajar rubutu Bloc-notes ce a ƙarƙashin harafin B a nan, Notepad a ƙarƙashin N a can, don haka hatta jerin abacada yana sauya fuska daga tebur zuwa tebur. Ƙari a kan haka, idan allon rubutu AZERTY ne amma an saita injin a kan QWERTY, mai nema zai danna A ya ga Q, ya danna W ya ga Z, ya nemi Word injin ya ce babu. Dokar sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma Microsoft ya taɓa fitar da fassarar Hausa ta fuskar wasu nau'o'in Windows, amma sunayen manhajojin wasu kamfanoni ba sa fassaruwa, suna nan yadda masu su suka raɗa musu. Saboda haka ga mafi yawan masu zama gaban irin wannan kwamfuta, abin da suke karantawa a haƙiƙa shi ne launi da wuri: shuɗin hoto mai harafin W a layi na biyu, koren nan a ƙasansa, mazurarin ruwan lemo na kallon fim. Tsarin da bai girmama wannan irin karatu ba ya bar su a baya.

Misalin tsarin da ya dace yana nan a kowace kasuwar mako ta ƙasar Dandi, wato yankin Gaya. Ba a jera rumfuna bisa sunayen masu su ko garuruwan da suka fito. 'Yan hatsi suna gefe ɗaya, 'yan gishiri da kanwa gefe ɗaya, mahauta da nasu layin, dabbobi a kara, kuma baƙon da bai san kowa ba yakan sami abin da ya zo saye domin ya san irin kayan da yake nema, ɗan gari kuwa ƙafarsa ce take kai shi ba tare da ya yi tunani ba, saboda rumfar da ya bari makon jiya tana inda take. Babbar manhajar Linux ta ɗauki wannan hanya. A ƙa'idar da ƙungiyar freedesktop.org ta shimfiɗa, kowace manhaja tana zuwa da ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop, inda take bayyana sunanta da rukunin aikinta, ko ofis, ko zane, ko sauti da bidiyo, ko ilimi, ko sadarwa, sai jerin ya ajiye ta a rukuninta ba tare da la'akari da kamfanin da ya yi ta ba, kuma layi ɗaya da aka ƙara a fayil ɗin, NoDisplay=true, ya isa ya ɓoye ta daga ido ba tare da an cire ta ba. Fayil ɗin yana iya ɗaukar sunan manhajar a harsuna da yawa, abin da yake nufin babu abin da ya hana a rubuta na Hausa. Wannan ya fi tsarin Windows hankali nesa ba kusa ba, kuma Linux yana tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna, sai dai gaskiyar kasuwa ita ce manhajojin filashin waya da na wasu firintoci domin Windows aka yi su, kuma masu gyara shi suka saba da shi, don haka mai shago a Bana da Windows zai ci gaba da zama, gyaran da kamfani bai yi masa ba shi zai yi da hannunsa.

Gyaran yana farawa da ragewa, domin tsara tarkace ɓata lokaci ne. A zauna da duk masu aiki da injin a tambayi kowa abin da yake buɗewa a mako, sau da yawa za a ga lissafin bai kai rabin rabin abin da ke jerin ba. Duk inda manhaja biyu suke aiki ɗaya a zaɓi guda, rigakafin cuta ya zama ɗaya, manhajojin firintocin da suka mutu su tafi, kuma a cire su ta hanyar da ta dace, wato ta Panneau de configuration a tsofaffin nau'o'i ko ta Paramètres a sababbi, ba ta goge jakarsu ba. Abin da ba a san aikinsa ba a bar shi, musamman masu suna irin Microsoft Visual C++ da ake gani jere da shekaru dabam-dabam kamar maimaici, domin wasu manhajoji a kansu suke tsaye, cire su yakan kashe abin da ake buƙata. Inda sake samun manhaja ke da wuya, hikima ita ce a adana fayil ɗin girka ta a wata ma'adana kafin a cire ta.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi yin kuskure a cikinsa. Mai son tsafta yakan buɗe jakunkunan nan biyu ya kwashe gajerun hanyoyi daga jakar kamfani ya mayar da su inda yake so, jerin ya yi kyau na ɗan lokaci, amma duk ranar da manhajar ta sabunta kanta sai ta sake dasa gajeriyar hanyarta a tsohon wuri, ranar da aka cire ta kuma ba za ta san inda aka kai waccan ba, sai ta bar mataccen layi da ba ya buɗe komai. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a bar na kamfani inda suke, a ƙirƙiri sababbin jakunkuna kaɗan a jakar kowa da kowa, a zuba musu kwafin gajerun hanyoyin da ake aiki da su kaɗai, hawa ɗaya ba jaka cikin jaka ba, wanda dama Windows 10 ba ya nuna abin da ya wuce hawa ɗaya. Da yake lambobi suna riga haruffa a jeri, idan aka fara sunan kowace jaka da lamba za ta hau can sama ta zauna: 1 Rubutu da Lissafi, 2 Firinta da Sikan, 3 Hoto, 4 Sauti da Fim, 5 Gyaran Waya, sannan ta ƙarshe, 9 Kayan Mai Gyara, inda ake killace abubuwan da kuskure a cikinsu yake da tsada. Ita kanta gajeriyar hanya ana iya sauya mata suna ba tare da an taɓa manhajar ba, a rubuta Word rubuta takarda, ko Excel lissafin kuɗi, kuma tunda akwatin nema sunan gajeriyar hanya yake dubawa, daga ranar yaron shago zai iya rubuta lissafi da Hausa manhajar ta fito masa, ko injin da wane harshe yake magana.

A nan haruffa masu lanƙwasa suna kawo cikas da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Babu ɓ da ɗ da ƙ a kan AZERTY ko QWERTY, haka ma ƴ da rubutun Hausa na Nijar yake amfani da ita a inda Najeriya take rubuta 'y, don haka jakar da aka raɗa wa Waƙa daidai da ƙa'ida, wanda ya rubuta waka a akwatin nema ba lallai ya same ta ba. Zubar da lanƙwasa asara ce ta gaske ga harshen, domin ita ce ta raba ƙasa da kasa, ta raba ɓata da bata, kuma duk wurin da aka saba ganin Hausa ba lanƙwasa yana koya wa yara cewa ba ta da muhimmanci. Mafita ita ce a girka tsarin allon rubutun Hausa a injin, kafin nan kuma a zaɓi sunayen da haruffansu uku na farko ba su da lanƙwasa, sauran kalmar a rubuta ta daidai, tunda nema da farkon kalma yake aiki.

Bayan jakunkuna sai kafewa, wato manne manhajoji biyar ko shida da ake buɗewa kullum a kan sandar da ke gindin allo ko a goshin jerin, abin da Faransanci ya kira épingler. Andrew Sears da Ben Shneiderman sun nuna a 1994 cewa ware 'yan abubuwan da aka fi nema a saman jeri yana rage lokacin zaɓi, amma amfanin yana tare da sharaɗin su zauna wuri ɗaya, shi ya sa sashen da Windows yake cikawa da kansa da abin da aka fi buɗewa kwanan nan ya fi kyau a kashe shi a injin da mutane da yawa suke taɓawa, tunda aikin mai tura fim da yamma zai ture na sakatare da safe. Kwamfutar ofishin kwastan da aka keɓe wa manhajar SYDONIA, ko ta ma'aikacin lafiya mai shigar da alƙaluma a DHIS2, ba ta da wannan damuwa matuƙar an hana ɗora mata abin da ba na aikinta ba, hanin kuwa yana tabbata ne idan an buɗe asusu biyu, na mai iko wanda shi kaɗai yake iya girka manhaja, da na yau da kullum wanda kowa yake shiga.

Fuskar kwamfuta, wadda Faransanci ya kira Bureau, ita ce inda cunkoson yake gudu idan jerin ya gagara, har a ga hotuna sun rufe allon daga kusurwa zuwa kusurwa. Thomas Malone ya lura tun 1983, a bincikensa kan yadda ma'aikata suke tsara teburorinsu, cewa tarin takardun da ke kan tebur ba rashin tsari ba ne zalla, domin yana tunatar da mai shi aikin da bai gama ba, saboda haka fuskar ta fi dacewa da takardun da ake kan yi a makon, manhajoji kuma su koma jerinsu. Wannan rabuwa tana da wata fa'ida a inda kile yake yawo daga inji zuwa inji, domin cutar nan da aka sani da virus raccourci tana ɓoye fayilolin mutum ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi na ƙarya masu ɗauke da sunayensu, kuma wanda ya saba da cewa 'yar kibiyar da ke gindin hoto ta gajeriyar hanya ce, takarda ba ta da ita, zai tsaya idan ya ga kibiya a jikin takardarsa kafin ya danna.

Abin da yake rushe duk wannan aiki shi ne wankin kwamfuta, wanda masu gyara suke kira formatage, maganin da ake yi wa kusan kowace cuta, kuma inda wutar lantarki take yawan yankewa tana lalata babbar manhaja, ba a daɗewa ba a koma gare shi ba. Injin yakan dawo da sabon jeri cike da kayan mai gyara, lambobi da sunayen Hausa duk sun tafi. Jakunkunan da aka ƙirƙira ba su da nauyin da ya kai na hoto ɗaya, don haka ana iya kwafe su a ajiye tare da fayilolin girkawa, kuma gajerun hanyoyin galibi za su ci gaba da aiki idan an mayar da manhajojin wurarensu na da. Tare da su a rubuta sunayen manhajojin da ake buƙata a takarda, a manna ta a jikin gangar injin da salatif, domin ranar da aka ɗora ta a kan babur zuwa Gaya mai gyara ya karanta abin da zai ɗora da abin da zai bari a cikin kile ɗinsa.